George Kelling: malamin jami'a ne ko mashawarcin 'yan sanda?

Ɗalibin_Ilimi
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina karatun digiri na biyu a fannin nazarin laifuffuka, kuma an ba mu aikin bin diddigin rayuwar ilimi ta malami guda, tun daga karatunsa har zuwa abin da ya bari. Na ɗauki Farfesa George Kelling, Ba'amurken da aka haifa a birnin Milwaukee a 1935, ya rasu a watan Mayun 2019. Tafarkin da ya bi bai yi kama da wanda ake nuna mana ba. Falsafa ya fara karantawa a kwalejin St. Olaf, ya ɗan taɓa makarantar horar da limaman coci, sannan ya shafe shekaru yana aiki da kangararrun yara da sa ido kan waɗanda kotu ta yi wa ɗaurin talala. Bai sami digirin digirgir ba sai a 1973, daga Jami'ar Wisconsin da ke Madison, yana dab da shekara 40, kuma a fannin walwalar jama'a ne. Rubutun da ya fito da sunansa kuwa, wato "Broken Windows" (Fasassun Tagogi) da suka yi da James Q. Wilson, a mujallar The Atlantic ya fito a watan Maris na 1982, mujallar da kowa ke saye a kanti, ba ta masana ba. Duk da haka da wuya a sami farfesan da ya sauya aikin ɗan sanda kamarsa. Ra'ayina shi ne darajar malami a wannan fanni tana ga abin da ya sauya a kan titi, ba ga yawan muƙalolin da ya jera ba. Ina neman gyara daga waɗanda suka fi ni sani.

Malama_Hadiza
Wa alaikumus salam. Ka zaɓi mutumin da ya dace, amma ka tsallake shekaru goma mafi muhimmanci a rayuwarsa, kuma su ne za su raunana hujjarka. Kafin 1982 Kelling ya riga ya yi suna a tsakanin masana saboda gwajin da ya jagoranta a Kansas City daga Oktoban 1972 zuwa 1973, ƙarƙashin gidauniyar Police Foundation. An ɗauki yankunan sintiri 15 aka raba su gida uku. A biyar aka janye motocin sintiri, ba sa shiga sai an kira su. A biyar aka bar sintiri yadda yake. A sauran biyar kuma aka ninka shi sau biyu zuwa uku. Da rahoton ya fito a 1974, sai ga shi babu wani bambanci na a zo a gani a yawan laifuffuka, ko a tsoron da mutane ke ji, ko a gamsuwarsu da 'yan sanda. Ka tuna cewa a lokacin zagayen mota shi ne ƙashin bayan aikin ɗan sanda a Amurka, don haka mutumin da ya zo da shaidar cewa wannan zagaye bai tsinana abin da ake zato ba, ba ƙaramin abu ya yi ba. Da babu wannan aiki da binciken sintirin ƙafa na birnin Newark da ya biyo baya, da Wilson, wanda farfesa ne a Harvard, bai nemi su yi rubutu tare ba. Binciken ne ya ba shi bakin magana a mujallar kanti.

Tsohon_Sufeto
Malama ta yi gaskiya. Ni na yi ritaya bayan na ƙare ƙuruciyata a aikin ɗan sanda, kuma sakamakon Kansas City bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Motar sintiri tana wucewa da gudu, gilashi a rufe, ɓarawo ya lafe minti biyu ya ci gaba da sha'aninsa. Wanda ke tafe a ƙasa shi ne ya san mai shayin da ke buɗewa da asuba, ya san yaron da ba ɗan unguwa ba ne. Ɗana Ɗalibi, in kana so ka fahimci mutumin nan, ka karanta inda ya bayyana yadda ya bi wani ɗan sanda a ƙafa a kusa da tashar jirgin ƙasa ta Newark. Wannan ɗan sanda yana da ƙa'idojinsa da babu su a kundin doka: mashayi zai iya zama a dakalin ƙofar gida amma ba zai kwanta ba, zai iya sha a lungu amma ba a babbar mahaɗa ba, kwalba kuma dole ta kasance cikin jakar takarda, sannan an hana damun masu jiran bas da bara. Kowa ya san ƙa'idar, kuma yawancin lokaci magana ce ke raba gardama, ba ankwa ba. Farfesan da ya iya ganin wannan, ya taka ƙasa da ƙafarsa.

Barista_Nura
Yallaɓai, ranka ya daɗe, wannan wurin da ya burge ka shi ne ya fi tayar mini da hankali. Wa ya ba ɗan sandan ikon kafa ƙa'idar da majalisa ba ta kafa ba? Shi farar fata ne, mutanen da yake yi wa iyaka kuwa galibinsu baƙaƙe ne kuma talakawa. Wilson da Kelling da kansu sun kawo wannan tambaya a cikin rubutun, ta yadda za a hana ɗan sanda zama makamin ƙyamar da mazauna unguwa ke yi wa wasu, kuma sun amsa cewa ba su da cikakkiyar amsa mai gamsarwa. Sun ga ramin, suka nuna shi da yatsa, suka wuce. Bayan shekaru kusan talatin, a 2011 kaɗai, 'yan sandan New York sun tsayar da mutane a titi fiye da sau 685,000, kusan tara cikin goma ba a same su da laifin komai ba, kuma mafi yawansu baƙaƙe ne da 'yan asalin Latin Amurka. A watan Agustan 2013 mai shari'a Shira Scheindlin ta yanke hukuncin cewa yadda ake gudanar da wannan aiki ya saɓa wa tsarin mulki. Idan za mu auna malami da abin da ya sauya a titi, kamar yadda mai tambaya ya ce, to wannan ma yana cikin ma'aunin.

Malama_Hadiza
Barista, a nan akwai buƙatar adalci. Tsayar da mutum a caje shi bisa zargi abu ne daban da hukunta ƙananan laifuffukan da ido ya gani, kuma Kelling ya sha nanata wannan bambanci. A 2015 ya rubuta a mujallar Politico cewa kada a ɗora wa ra'ayinsa alhakin mummunan aikin 'yan sanda, yana mai cewa bai taɓa nufin a mayar da shi hanyar tara kame ba.

Barista_Nura
Na san da wannan, Malama. Amma a farkon wannan shekarar ta 2015 shi da William Bratton, kwamishinan 'yan sandan New York na lokacin, sun fitar da doguwar muƙala a mujallar City Journal suna kare tsarin matsa wa ƙananan laifuffuka, watanni kaɗan bayan mutuwar Eric Garner, wanda ya rasa ransa a hannun 'yan sanda a watan Yulin 2014 a Staten Island, lokacin da suka zo kama shi bisa zargin sayar da taba kara-kara. Sayar da taba kara-kara shi ne ainihin irin ƙaramin laifin da ra'ayin ya ce a mayar da hankali a kai. Ba na cewa shi ya shaƙe mutumin. Ina cewa malamin da ya karɓi yabo lokacin da alƙaluma suka yi kyau ba zai ce ba ruwansa ba lokacin da suka zo da gawa.

Zinder_Boubacar
Ku yi mini afuwa, ni ba ɗan fannin ba ne, malamin lissafi ne a sakandare. Mene ne ainihin abin da ra'ayin ya ce, kuma a kan wace shaida aka gina shi tun farko?

Mai_Ƙididdiga
Malam Boubacar, a taƙaice ra'ayin ya ce idan gilashin taga guda ya fashe aka bar shi ba gyara, masu wucewa za su fahimci cewa babu mai kula da gidan, kuma ba da jimawa ba sauran ma za su bi. Haka unguwa take: shara da zanen bango da maye a fili suna sa mutanen kirki su janye cikin gida, janyewarsu kuma ta buɗe ƙofa ga manyan masu laifi. Mu da muka san cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga ba za mu ga baƙon abu a nan ba, kuma ina jin saurin shigarsa rai yana cikin abin da ya sa aka karɓe shi kafin a gwada shi.

Shaidar da suka kawo a 1982 ba ta da yawa. Akwai gwajin Philip Zimbardo na 1969, wanda ya ajiye mota ba lamba, bonet a buɗe, a unguwar Bronx ta New York, cikin minti goma aka fara kwance ta, ya ajiye wata a garin Palo Alto na jihar California ta yi fiye da mako ba a taɓa ta ba, sai da shi da kansa ya dake ta da guduma sannan mutane suka sa hannu. Akwai kuma binciken sintirin ƙafa na Newark da aka buga a 1981, wanda abin da ya gano shi ne sintirin bai rage yawan laifuffuka ba, amma mazauna sun fi samun kwanciyar hankali. Ku lura da wannan da kyau: binciken Kelling na kansa bai nuna cewa laifi ya ragu ba. Tsallen da aka yi daga raguwar tsoro zuwa raguwar fashi da kisa hasashe ne, kuma a matsayin hasashe aka rubuta shi.

Gwaji na gaske ya zo daga baya, kuma sakamakonsa a rarrabe yake. Robert Sampson da Stephen Raudenbush sun ɗauki bidiyon sassan tituna fiye da 23,000 a Chicago, suka buga a 1999 cewa alaƙar ƙazantar unguwa da manyan laifuffuka tana raunana ƙwarai idan aka yi la'akari da talauci da kuma yadda maƙwabta suka yarda da juna har suke iya tsawatarwa. A ɗaya ɓangaren, masu bincike a Groningen ta ƙasar Holan sun nuna a 2008 cewa kashi 33 cikin ɗari na masu kekuna ne suka yar da takardar talla a ƙasa lokacin da bangon wurin ke da tsabta, amma da aka ɓata bangon da zane sai adadin ya kai kashi 69. Yar da takarda dai ba kisan kai ba ne.

Ɗalibin_Ilimi
Na gode, Malam. Amma ai New York ita ce babbar shaida. An kashe mutum 2,245 a birnin a 1990, zuwa 1998 adadin ya sauko ƙasa da 700. Kelling ya fara ba hukumar jiragen ƙarƙashin ƙasa shawara tun a shekarun 1980, Bratton ya karɓi 'yan sandan jiragen a 1990 ya matsa wa masu tsallake shingen biyan kuɗi, sannan magajin gari Rudolph Giuliani ya naɗa shi kwamishinan 'yan sandan birnin a 1994. Wane farfesa ne zai iya nuna irin wannan?

Mai_Ƙididdiga
Alƙalumanka daidai ne, fassararsu ce ake jayayya a kai. Kisan kai ya fara raguwa tun zamanin magajin gari David Dinkins, wanda ya ƙara dubban 'yan sanda kafin Giuliani ya hau. A wannan shekaru goman laifi ya ragu a kusan duk manyan biranen Amurka, har da San Diego wadda ta bi wata hanya daban, kuma a lokacin ne annobar hodar iblis nau'in kirak ta fara lafawa. Kelling da William Sousa sun fitar da rahoto a 2001 suna danganta raguwar da kamen ƙananan laifuffuka, amma Bernard Harcourt da Jens Ludwig suka sake bin alƙaluman a 2006, suka nuna cewa yankunan da laifi ya fi faɗuwa su ne waɗanda ya fi hauhawa a zamanin hodar, wato abin da ya yi sama da yawa ne ya dawo ƙasa. Akwai kuma abin da ya shafi tambayarka kai tsaye: wancan rahoto na 2001 cibiyar Manhattan Institute ce ta buga shi, inda Kelling yake babban jami'in bincike, kuma yana auna tsarin da shi ne ya ba da shawarar a bi. Ko da mutum ya kai waliyyi gaskiya, wannan matsayi ne mai wuya.

Ummu_Khalil
Ina zaune a wani babban birni a gabashin Amurka tun 'ya'yana suna ƙanana, kuma ina ganin gaskiya a ɓangarorin biyu. Lokacin da muka zo, matattakalar gidan da muke haya wurin kwanan mashaya ce, ina ɗaukar ƙaramin yarona a kafaɗa don kada ya taka allura. Mu mazauna ne muka yi ta kai ƙara a zo a gyara, kuma da aka gyara mun yi hamdala. Amma yaron nan da ya girma, an sha tsayar da shi a ƙofar wannan gida ana tambayarsa abin da ya kawo shi, jakar makaranta a bayansa. Barista yana magana kamar talakawa ba su nemi a kawo musu tsari ba, alhali mun nema. Abin da ba mu nema ba shi ne a mayar da 'ya'yanmu su ne ƙazantar da za a share.

Tsohon_Sufeto
Hajiya, Allah ya raya su. Abin da kika faɗa shi ne bambancin ɗan sandan da ya san unguwa da wanda aka turo da adadin kamen da zai cika kafin wata ya ƙare. Da zarar shugabanni sun fara ƙirga kame, an bar abin da Kelling ya gani a Newark, ko da ana ci gaba da kiran sunansa.

Dakta_Bakatsine
Ina so in mayar da mu kan rayuwar ilimin, domin ita aka tambaya. Tafarkin Kelling bai zama baƙo ba idan aka duba zamaninsa. Fannin shari'ar laifuffuka a matsayin sashe mai zaman kansa a jami'a sabo ne a lokacin. Hukumar nazarin laifuffuka da Shugaban Amurka Lyndon Johnson ya kafa ta fitar da rahotonta a 1967, dokar 1968 ta zuba kuɗi don 'yan sanda su koma karatu, kuma a 1968 ɗin ne makarantar Albany ta jihar New York ta buɗe shirin digirin digirgir na farko a fannin. Ke nan waɗanda suka fara koyarwa duk daga wani wuri suka taho: ilimin zamantakewa, lauyanci, kimiyyar siyasa, ko aikin walwalar jama'a kamarsa. Ya koyar a Jami'ar Northeastern da ke Boston, ya yi aiki da makarantar Kennedy ta Harvard, inda shi da Mark Moore suka rubuta a 1988 takardar da ta raba tarihin 'yan sandan Amurka zuwa zamani uku, na siyasa da na gyara da na haɗa kai da al'umma, rabon da har yau ake koyar da shi a aji. Daga baya ya zama farfesa a makarantar shari'ar laifuffuka ta Jami'ar Rutgers, wadda take a Newark, birnin da ya taka a ƙafa. Don haka ban yarda a ce ba malamin jami'a ba ne. Abin da zan yarda da shi shi ne cewa aikinsa mafi ƙarfi a ma'aunin ilimi, na Kansas City, shi ne wanda 'yan siyasa suka fi yin biris da shi, mafi rauni kuma shi ne suka runguma.

Zinder_Boubacar
Dakta, shi kansa gwajin Kansas City babu wanda ya soke shi?

Dakta_Bakatsine
An soke shi, Malam. Babbar sukar ita ce ko a yankunan da aka janye sintiri, motoci suna shiga amsa kira, wani lokaci fiye da ɗaya, don haka mazauna ba su daina ganin 'yan sanda ba kamar yadda aka tsara. Amma wannan suka ce ta masana ga aikin da aka shimfiɗa hanyarsa a fili kowa ya duba, kuma ita ce ta kai ga gwaje-gwajen baya da suka mayar da hankali kan takamaiman wuraren da laifi ke taruwa.

Bintu_Kaduna
Akwai abin da ban ga an ambata ba, kuma ya shafe mu. Littafin da ya faɗaɗa ra'ayin a 1996, "Fixing Broken Windows", shi da matarsa Catherine Coles suka rubuta. Ita lauya ce kuma masaniyar halayyar al'umma, ta yi bincikenta a tsakanin matan Hausawa a Kaduna, kuma ita da Beverly Mack ne suka shirya littafin "Hausa Women in the Twentieth Century" na 1991. Littafin 1996 ya ba da fili mai yawa ga shari'o'in kotu kan bara da zaman kashe wando a wuraren jama'a, wato ya yi ƙoƙarin fuskantar tambayar da Barista ya ce an tsallake a 1982. Ko amsar ta gamsar, wannan wata magana ce. Ɗan'uwa Ɗalibi, idan kana rubuta rayuwarsa ta ilimi, kada ka mayar da ita 'yar rakiya.

Barista_Nura
Na gode da wannan, Malama Bintu. Matsayar littafin ita ce a hukunta aiki ba matsayin mutum ba, wato a hana bara mai tsoratarwa ba a hana talauci ba. A takarda rabon yana da kyau. A titi kuwa wanda ba shi da ɗaki dole a fili zai yi abin da mai ɗaki ke yi a ɓoye.

Malam_Samaru
Batun kusantar malami da masu mulki ba Amurka kaɗai ya shafa ba. Farfesa Femi Odekunle, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello kuma ake kiransa farfesan farko na nazarin laifuffuka a Najeriya, ya zama mashawarcin Janar Oladipo Diya, aka tsare shi bayan zargin juyin mulkin Disambar 1997, daga baya kuma ya shiga kwamitin ba shugaban ƙasa shawara kan yaƙi da cin hanci a 2015, ya rasu a Disambar 2020. Wanda ya karanci laifi da hukunci ba shi da ɗakin gwaji sai ofishin 'yan sanda da kotu da gidan yari, kuma mabuɗansu suna hannun gwamnati. In ya nisanta ba zai sami alƙaluma ba, in ya kusanta kuma ba kullum yake fita lafiya ba, ko da sunansa ko da jikinsa.

Malama_Hadiza
Haka ne. Kuma ga Ɗalibi ina da nasiha ta aiki, tunda na zauna a kwamitin ƙarin girma. A yau, a nan ko a can, wanda ya kawo muƙalar mujallar kanti a matsayin babban aikinsa ba zai wuce matakin farko ba, kuma ban ga laifin wannan ƙa'ida ba, domin tantancewar masana ce ke tilasta wa marubuci ya bambanta abin da ya gano da abin da yake zato. Sai dai ƙa'idar tana da nata aibin, don na ga takardu da dama da aka ƙirga wa maki waɗanda ko ɗan sanda guda ba zai taɓa karantawa ba. Nazarin da Anthony Braga da abokan aikinsa suka yi a 2015, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 30, ya gano cewa magance ƙazanta da hargitsin unguwa yana rage laifi daidai gwargwado, amma ribar tana fitowa ne inda aka haɗa kai da mazauna aka gyara wurin, ba inda aka bi mutane da kame ba. Shekara 33 aka ɗauka kafin a kai ga wannan, alhali birane sun riga sun gina manufofinsu.

Ɗalibin_Ilimi
Na karanta duka, kuma na gode. Har yanzu ina ganin cewa da bai rubuta a inda magajin gari zai karanta ba, da babu wanda zai kashe kuɗi a gwada ra'ayin, har a kai ga abin da Malama ta kawo na 2015. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan tsara babin New York: in sa shi cikin ayyukansa na ilimi, ko in ware shi a matsayin aikin ba da shawara?

Mai_Ƙididdiga
Ka ware shi, amma rahoton 2001 ka bar shi cikin ayyukan ilimi, ka ajiye martanin Harcourt da Ludwig kusa da shi. Ka kuma ƙara cewa bayan hukuncin 2013 tsayar da mutane a titi ya ragu ƙwarai a New York, kisan kai kuma bai tashi ba, har ya sauko ƙasa da 300 a 2017.

Tsohon_Sufeto
Ni ban ga yadda za a ware su ba. Mutumin da ya bi ɗan sanda a ƙafa a Newark shi ne ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a New York, kuma abin da ya gani a can shi ya koyar a aji. Malama Hadiza, ke da kika san ƙa'idar jami'a, idan ɗalibin ya haɗa su a babi guda, mai duba aikin zai rage masa maki ne?